Kafin Marka Ta Kama

  Ɗana, an ce mini ka gama katangar gidanka, har ka sa ƙofa. Madalla. Yanzu ka zama maigida, kuma maigida shi ne wanda kowa ke juyowa ya duba idan hadari ya taso da tsakar dare. Shi ya sa nake so mu ɗan yi maganar ruwa, tun ƙasa tana bushe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa rahama ne, kada ka ji ni da wata magana. Mu mutanen Sheme da Yankara da Daudawa, har zuwa Kankara da Sabuwa, da shi muke ci. Masararmu da dawarmu da audugarmu da waken suya, duk shi suke jira. Shekarar da ya yi jinkiri, fita muke yi roƙo, manya da yara. To amma ruwan da ke raya gona shi ne ke kayar da ɗaki, kuma ba ya tambayar wa ke kwance a ciki.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce, Kawu, ai ambaliya ta mutanen bakin kogi ce, ta su Lakwaja da Legas. Mu a tudu muke. Gaskiya ne muna tudu. Kogin Sakkwato ma daga nan yankinmu yake tasowa, kusa da Funtua, kafin ya nufi Gusau. Sai dai ruwan tudu yana da nasa hali. Na babban kogi a hankali yake cika, ana ganinsa yana hawa kwana da kwanaki. Namu kuwa gudu yake yi. Ya zo cikin sa'a ɗaya, ya yi ɓarnarsa, ya wuce, gari ya waye rafin ya koma rairayi.

Ka tuna da Jibiya. Jiharmu ce, 'yan'uwanmu ne. A daren Lahadi 15 ga Yuli, 2018, aka yi ruwa na 'yan sa'o'i kawai. Kafin asuba ya ci fiye da mutum 40, ya rushe ɗaruruwan gidaje, ya tafi da dabbobi. Wasu gawarwakin ma sai a ƙasar Nijar aka tsinto su, domin ruwan Jibiya can yake gangarawa, wajen Madarunfa da Maraɗi. Allah Ya jiƙan su. Mutanen nan sun yi sallar isha'i, sun rufe ƙofa, sun kwanta kamar yadda kake kwanciya. A Maiduguri ma, da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, cikin dare ruwan ya shiga gari. A Mokwa ta jihar Neja, ranar 29 ga Mayu, 2025, da jijjifin asuba ya afka wa Unguwar Hausawa da maƙwabtanta, aka rasa fiye da mutum 150. Ka ga duk a lokacin barci ne. Wanda aka tasa daga barci, cikin duhu, ga kukan yara, ga ƙarar kwano, ba ya iya tsara komai. Abin da ya riga ya tsara da rana, shi kaɗai zai iya yi.

Don haka mu fara da ɗakinka, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ƙauyukanmu, abin da ya fi yi mana illa da damina shi ne faɗuwar gini. Ba sai rafi ya shigo gari ba. Marka kaɗai ta isa. Ka san ta, ruwan nan na watan Agusta da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, yau yayyafi, gobe yayyafi, rana ba ta fito ta busar da komai ba. Katangar ƙasa a lokacin nan kamar dunƙulen fura ce da aka bari cikin nono. Daga waje za ka gan ta a dunƙule, alhali ciki ya gama narkewa. Daga gindi take fara mutuwa, inda ruwa ke kwanciya, da kuma daga ka, inda yaɓe ya zube.

Saboda haka ka zagaya gidanka yanzu, a tsanake. Ka duba indararo. Idan ya karye ko ya gajarta, ruwan soro a jikin bango zai riƙa zuba, kuma daminar bana kaɗai ta isa ta rarake shi. Ka sa a sake yaɓe inda ya fashe. Kakanninmu da makuba suke shafe bango, kuma ba don ado kawai suke yi ba, ruwa take hanawa shiga. In kana da halin siminti, ka fara da gindin katanga kafin ka yi tunanin fenti. Ka tara ƙasa a gindin, ka daddaɓe ta, ta yi gangare zuwa waje. Idan rufinka na kwano ne, hau ka duba ƙusoshi da katakon da ke riƙe da shi. Iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura a gabanta, ita ce mai yaye rufi. Dutsen da ake ɗorawa a kan kwano yana taimakawa har ranar da iska ta fi ƙarfinsa, sai ya zama abin da zai faɗo a kan yaro. Gara a ɗaure katakon da waya a jikin ginin.

In marka ta kama, gini yana magana kafin ya faɗi. Za ka ga danshi ya hau bango daga ƙasa. Za ka ga tsagar da ba ta nan jiya. Ƙasa za ta riƙa zubowa kaɗan-kaɗan a kan tabarma. Ƙofar da ke rufuwa lafiya sai ta fara cijewa. Wani lokaci azara ta yi ƙara. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada kowa ya kwana a ɗakin nan, ko da dare ya raba. Ka kwashe su zuwa zaure, ko gidan maƙwabci. Na san akwai kunya. Mutum ba ya son ya buga ƙofar wani da iyali a bayansa. Amma maƙwabcin da ka tasa ya buɗe maka ƙofa zai yi maka godiya a kan ka tashe shi ya zo da fartanya yana tonon ƙasa. Ka fi kula da ɗakin tsohuwa da na yara. Sau da yawa su ake bar wa tsohon ɗaki, su ne kuma ba sa iya gudu.

Sai kwata. Wannan kam ta raba zumunci da yawa. Kowa yana so ruwan gidansa ya fita, ba ya so ya bi ta ƙofarsa. Wannan ya tare, wancan ya tare, ruwa ya rasa hanya, sai ya zaɓi gidan da ya fi rauni. Ga kuma leda. A zamaninmu shara ganye ce da toka, damina ɗaya ta zama taki. Yanzu ledar ruwan sha kaɗai tana iya toshe kwalbati. Ku matasa ku sa rana ku yi gayya ku yashe magudanan unguwa kafin ruwa ya zauna, ku kwashe abin da kuka fitar ku kai shi nesa. In kuka tara shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma in wata rana Allah Ya buɗa maka za ka sayi fili, ka je ka gan shi da damina. Filin kwari yana da araha da rani. Ka tambayi dattawan wurin ta ina ruwa ke bi a shekarar da aka yi ruwa sosai. Kududdufin da aka cike da bola aka yanka shi filaye, ruwa bai san an sayar da shi ba. Zai dawo.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. A yankinmu, shekarun nan, fita da dare ba ƙaramin abu ba ne. Rashin tsaro ya sa mutane suna rufe ƙofa tun magariba, kuma duk wani motsi a waje yana tayar da hankali. 'Yan'uwanmu da yawa sun baro ƙauyukansu sun cunkushe a ɗaki ɗaya a gari, wasu a kangon da mai shi ya daɗe da bari, wasu a kwarin da ba wanda ya taɓa gini a kai. Mutumin da ke tsoron waje zai zauna a ɗakin da ruwa ke shiga har lokaci ya ƙure masa. Ban ga laifinsa ba. Maganin abin shi ne a yanke shawara tun yanzu. Ku zauna da mai unguwa da liman, ku fitar da wuri ɗaya a cikin gari, a kan tudu, mai ginin bulo, ko makaranta ko masallaci, wanda kowa ya san can za a taru. Ku shaida wa masu tsaron unguwa, don kada su ga fitilu da dare su ɗauka wani abu ne. Ku yarda a kan irin sanarwar da za a yi da lasifikar masallaci, wadda ta bambanta da ta farmaki. Baƙin da ke zaune cikinku kuma a gaya musu, domin ba su san hanyar ruwan garin ba.

A gida, ka sami leda mai kauri ka zuba takardunku. Katin ɗan ƙasa, takardar fili, sakamakon makarantar yara, katin asibiti. Ka ɗaure, ka rataye a sama kusa da ƙofa, tare da tocila mai batir. Mai ɗakinka ta san wurin. Wayarka kada ta kwana babu caji idan ka ga gabas ta yi baƙi. Buhunan hatsi da na taki a ɗora su a kan katako ko duwatsu, kada su taɓa daɓe.

To, in ruwan ya shigo fa? In akwai wutar lantarki, ka kashe ta daga babban makunni tun ƙafarka tana kan busasshen wuri. In ruwa ya riga ka isa wurin, ka bar ta. Ka kwance dabbobi. Akuya da saniya sun iya neman tudu da kansu, igiya ce ke kashe su. Sannan ka ƙirga mutanenka, ku fita. Shi ke nan. Kada ka koma.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta fi wuya, na sani. Mutum ya fita lafiya, sai ya tuna da babur, ko buhun masara, ko akwatin kayan auren 'yarsa da ya shekara yana tarawa. Sai ya ce bari in ɗan koma, yanzu zan fito. Ita ma mace ta tuna da kwanukan jerenta. Ɗana, ba na raina dukiyar talaka. Na san gumin da ke cikin buhu ɗaya. Amma masara ana sake nomawa, kuma dangi suna nan, ba za su bar ka da yunwa ba. 'Ya'yanka kuwa uba ɗaya gare su. In da rai da rabo.

Yanzu rafi. A nan ne nake jin tsoron ku samari, musamman ku masu babur. Ranar kasuwa ce, an yi ciniki, yamma ta yi, kowa na son ya isa gida kafin duhu, kuma da dalili. Aka iso mashigi, ruwa ya hau kan kwalbati. Mutane sun tsaya. Sai wani ya ce ai jiya ma na wuce. Ya tattare wando, ya tura babur. Wani lokaci ya haye, sai sauran su bi shi, kuma na uku ko na huɗu ne ruwan ke ɗauka.

Ka riƙe wannan. Masana sun auna, ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato bai cika taƙi ɗaya ba, yana iya kayar da babban mutum. In ya kai santimita 60, kamu ɗaya da ɗan ƙari, yana tafiya da mota. Babur kuma bai kai mota nauyi ba. Ga shi ruwan ja ne, ba ka ganin ƙasansa. Mai yiwuwa ya riga ya cinye gefen kwalbatin, inda ka san akwai hanya yanzu rami ne. Kuma ba sai an yi ruwa a kanka ba. Sama tana iya zama tas a Sheme, alhali an kwana ana zuba ruwa a can inda rafin ya taso, ya ɗauko shi ya kawo. In ka ga ruwan rafi ya fara sauya launi, yana ɗauke da kara da kumfa da itace, ko ka ji ruri daga nesa, ka hau tudu. Irin rafukanmu ba sa daɗewa a cike. Sau da yawa jiran sa'a biyu ko uku ya isa. In kuma ka ga hadari ya haɗu tun kana kasuwa, ka tashi da wuri, ko ka kwana a garin wajen 'yan'uwa. Sauri ya haifi nawa.

Ka gaya wa yaran da ke kiwo da masu kai abinci gona haka nan. Ka hana su wanka a kududdufi da ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasa. Gefensu santsi ne, ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa. In wani ya faɗa ruwa, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi. A miƙa masa gora ko igiya ko rawani, a jefa masa jarka rufaffiya marar komai a ciki. Mai nitsewa yana riƙe duk abin da ya samu da ƙarfin da ba ka zata ba, shi ya sa ake rasa biyu a maimakon ɗaya.

Tsawa kuma, kada ka yarda da zancen cewa mai laifi kaɗai take nema. Tsayi take bi. Bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona, wadda kowa ke rugawa ƙarƙashinta in ruwa ya sauko, ita ce wuri mafi hatsari a gonar. In ka ga walƙiya ka fara ƙirge. Ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa 3. In tsawa ta iso kafin ka kai 30, tana kusa. Ajiye garma da fartanya, ka nufi gini ko mota mai rufi. In babu, ka nisanci bishiya da kan tudu da ruwa, ka tsuguna, kada ku cure wuri ɗaya. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma aiki. Na sha jin ana cewa wanda tsawa ta faɗa wa ba a taɓa shi. Ba haka ba ne. Babu wutar da ta rage a jikinsa. A taɓa shi, a duba numfashinsa, a garzaya da shi asibiti.

Na ji kana shirin sake zuwa Legas ci-rani in an gama girbi, kuma na san wasu daga cikinku har damina suke kaiwa can. Ruwan bakin teku daban ne da namu. Garin shimfiɗe yake, kusan daidai da teku. Teku kuma tana cika tana janyewa sau biyu a yini. In ruwan sama ya haɗu da cikarta, magudanai ba su da inda za su zubar, sai titi ya cika. A watannin Yuni da Yuli abin ya fi tsanani. A can, abin tsoro shi ne abin da ke ƙarƙashin ruwan, manyan kwatoci marasa murfi da suka fi tsayin mutum zurfi, da wayar lantarki da ta tsinke. In dole ka taka, ka riƙe sanda kana dubawa, ka nisanci turken wuta da taransifoma. Kada ka kwana a ƙarƙashin gada ko a bakin kwata don kawai wurin kyauta ne. Ka kuma kula da inda za ka fake. A Accra ta ƙasar Gana, inda Hausawa suke da yawa, a daren 3 ga Yuni, 2015, jama'a sun fake wa ruwa a wani gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah. Fetur ya malalo a kan ruwan, wuta ta kama. Kimanin mutum 150 suka rasu. Duk inda ka sauka, ka tambayi Sarkin Hausawa ko tsofaffin mazauna wace unguwa ce ke cika. Sun sani. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya kuma 112 ce, ka haddace ta.

Bayan ruwa ya janye, aiki bai ƙare ba. Ambaliya tana haɗa masai da rijiya. Daga nan sai amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a ƙasar nan, kuma Katsina na cikin jihohin da suka ji jiki. Ruwan sha a tafasa shi, ko da ya yi kama da mai tsabta. In gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kan hanyar zuwa asibiti. In babu na fakiti, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Kada a jira gari ya waye, yaro yana bushewa cikin sa'o'i. A ɗaura gidan sauro. A kakkaɓe takalmi da tabarma kafin a taɓa, domin maciji da kunama su ma tudu suke nema. Ɗakin da ya sha ruwa kuma a bar shi ya bushe, magini ya duba shi, sannan a koma.

Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun kafin ruwa ya sauka, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Ana faɗa a rediyo da Hausa. Ka riƙa saurare. Wasu sukan ce wannan shiga hurumin Allah ne. Ni ban gan shi haka ba. Kakanka ma yana duban gabas ya ce a kwashe shanya, kuma ba wanda ya ce ya san gaibu. Wani lokaci hasashen ba ya cika, to me ka rasa in ka yashe kwata ruwa bai zo ba? Addininmu da kansa ya yi mana sauƙi. Ka ga yadda liman ke haɗa magariba da isha'i a daren ruwa don kada jama'a su sha wahala. Malamai sun koya mana a ɗaure raƙumi tukuna, sannan a dogara ga Allah.

Ba don in tsorata ka na faɗi duk wannan ba, ɗana. Na san kana da hankali, kuma mai ɗakinka ta fi ka lura, ka riƙa jin shawararta. Juma'ar nan, in an sauko daga masallaci, ka tsaya ka ga mai unguwa a kan maganar wurin taruwa da ranar gayya. In ka dawo gida ka leƙa ɗakin kakarka, ka dubi bangon gabas. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ku.